Kafin Katafila Ta Kai Ga Mangwaron Jonah

Litinin, 7 ga Oktoba, 1991, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na gane. Kwana uku ina wuce turakun nan masu jan ƙyalle, na ɗauka masu awo ne ke gwaje-gwajensu kamar kullum. Da safe na je ba dashe ruwa, sai na ga jan fenti a jikin mangwaronka, daidai ƙirjina. Na juya baya, turaku sun miƙe tun daga ƙofar lambu. Na duba gaba, sun tsallake rafi sun nufi asibiti. Bishiyarka tana tsakiyarsu. Hanya ce, Jonah. Hanya za su yi ta cikin lambun shaƙatawa.

Na ajiye bokiti na zauna a ƙasa. Abin da ya ba ni kunya, ba kuka ne ya fara zo mini ba. Zuciyata tsalle ta yi. Ba sai na rubuta dalili ba, ka sani.

A littafinka na dashe nake rubutu, akwai sauran shafi da yawa. Ka yi haƙuri da hannuna, ka san a aji biyar na tsaya. Ofishin lambu sun bar ni a gurbinka tun watan Yuni, ina ba itatuwa ruwa.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Lambu ya rikice. Kubra mai abinci, wadda ke kafa tukunya a inuwar mangwaronka, ta ce in katafila ta zo sai dai ta bi ta kan shinkafarta. Ma'aikatan da ke cin abinci wurinta duk suna bayanta, suna cewa ina mutum zai huta da rana in an sare itatuwa. Ana cikin haka Ɗangoggo ya iso da akori-kurarsa daga Zuba, zai sauke mata lemo da ayaba.

Ya ce, "Hajiya Kubra, na ji an ce za a zuba miki kwalta har bakin tukunya."

Ta ce, "A zuba maka a tsakar ka. Kai da ba ka san inuwa ba sai ta ƙarƙashin mota."

"Ni da nake zagaye duniya kafin in kai kaya hayin can? Ayaba ta nuna a hanya, ta ruɓe a hanya. An ce kafin Kirsimeti gwamnati za ta taso daga Legas gaba ɗaya. So kike minista ya naɗe wando ya bi ta rafi?"

Aka yi dariya har da ni. Wata huɗu ban ji dariyata ba. Kubra ta dube ni, na yi kamar tari nake.

Da zai tafi ya tsaya gaban bishiyar ya daɗe. Shi ke kwashe 'ya'yanta kowace shekara. Ya ce, "Maman Felicity, ina son hanya, amma wannan kam asara ce. Babu irinsa a Zuba duka."

Babu irinsa a ko'ina. Ban gaya masa ba. Na ƙofar gidan babanka ne, a ƙauyenku da aka tashe don gina birni. Ka ce ranar da motoci suka kwashe ku ka yanko ɗan reshe, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka zo ka yi wa wani tsohon mangwaro na nan aure da shi. Uwar bishiyar tana ƙarƙashin wani bene yanzu. Wannan kaɗai ya rage.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Jonah, na ɗauki wuƙarka!

Ka bar dashe talatin da ɗaya a leda, duk sun kai kaurin fensir, sun isa aure. Wurin da suke turaku ba su taɓa shi ba. Shekara tara ina riƙe maka leda kana ɗauri, ban taɓa riƙe wuƙar ba, amma idona ya riƙe komai. A yanke kan dashe, a tsaga shi, a fiƙe ɗan reshen gefe biyu, a cusa, fata ta haɗu da fata, a ɗaure tam, a rufa masa ledar ruwan sanyi. In ya kama, mangwaron babanka ya rayu ko an sare bishiyarka.

Kuma ga ikon Allah. Na damu da yadda zan kai sama, sai ga sababbin rassa sun fito a jikin gindin, lafiyayyu, daidai hannuna, kamar an ajiye mini. Ko miƙa ban yi ba. Na ɗaure tara yau.

Asabar, 12 ga Oktoba, da rana

Talatin da ɗaya cif! Na yanke babban yatsa sau biyu, ban ma ji ba sai da na ga jini a leda.

Manyan motoci sai shigowa suke daga Legas, jere-jere, da kabad na ƙarfe da kujeru ƙafafunsu a sama. Na ƙirga goma sha shida kafin in gaji. Wata takarda ta tashi daga bayan mota ta faɗo cikin lambu, Kubra ta naɗe ƙosai da ita, ta ce yau ta ci gwamnati. Ana ta shafa wa bakin titi fari da baƙi. Da kana nan da ka tsaya da hannu a ƙugu kana cewa, "Lucia, kin ga dajinmu?"

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Madam Catherine ta same ni. Sakatariya ce a wata ma'aikata, suna cikin waɗanda aka fara turowa daga Legas, kullum tana cin abincin rana a kan bencin bakin rafi. Ta haɗa kwamiti, ta tara sa hannu ɗari uku. Ta ce ta baro garin da babu inda mutum zai zauna ya ji tsuntsu, ba za ta zuba ido a mai da nan haka ba. Ranar Asabar injiniya zai zo a yi taro.

Ta kama hannuna ta ce, "Mama, ke za ki yi magana. Mijinki ya shuka rabin wurin nan. In suka gan ki da baƙaƙen kaya, kunya za ta kama su."

Na ce to. Bakina ne ya ce to. Mace ce mai kirki, har ta tambayi makarantar Felicity a Gwagwalada. Na kasa gaya mata abin da ke raina.

Laraba, 16 ga Oktoba, da yamma

Babu komai tukuna. Na leƙa su sau shida.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da safe

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na fita da zani a ka na duba ledojin, ko ɗaya bai cire ba. Gobe taro. Na goge kayana. Ban san abin da zan ce ba. Na sani.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Na yi magana a lasifika, Jonah! Ni! Muryata ta fito ta saman itace kamar ta wata babbar mace, har na waiga in ga wace ce.

Mutane sun fi ɗari biyu. Direbobi da 'yan kasuwa gefe guda, ma'aikata da masu abinci gefe guda, injiniya a tsakiya da taswira yana share gumi. Wani malamin makaranta ya ce birnin da babu itace tanda ne. Wani direba ya ce shi bai taɓa ganin itace ya kai mai naƙuda asibiti ba. Aka yi ihu. Kubra ta ɗaga ludayi. Sai Madam Catherine ta ce a yi shiru, matar mai lambu za ta yi magana.

Na ce, "Sunana Lucia. Mijina ya shuka waɗannan. Ina son su, kowanne na san ranar da aka sa shi a ƙasa." Gefen Madam suka tafa. Sai na nuna hayi na ce, "Ku duba can. Daga nan ana hangen rufin asibiti. Ranar sha ɗaya ga Yuni mun fita da shi ba lafiya ta ƙofar can a tasi, muka zagaya ta shataletale, muka yi minti arba'in. Kansa yana kan cinyata, ina ganin rufin ta taga."

Na ce, "Oga injiniya, ku yi hanyarku. Amma ku bar mini mangwaron can sati uku, ina da aiki a kansa."

Injiniya ya duba takardarsa ya ce aikin zai fara daga ƙofa, ba za su kai wurin ba sai takwas ga Nuwamba. Ya ce ya yi alkawari. Ɗangoggo ya cire hula. Madam Catherine ba ta dube ni ba. Ta ci gaba da kokenta, ta samu an ja hanyar gefe kaɗan don a bar itatuwan bakin rafi da bencinta. Naka dai yana tsakiya, babu yadda za a yi.

Na ci tuwo malmala biyu.

Litinin, 21 ga Oktoba, da rana

Na gai da Kubra, ta amsa wa tukunya.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe biyar

Katafila ta shigo. Rawaya ce, girmanta ya kai ɗakinmu. Na ce ba zan kalla ba, sai na tsinci kaina a tsaye da bokiti fiye da rabin awa. Ta tura dalbejiyar bakin ƙofa kamar kara. Amma da ta buɗe jar ƙasa, shimfiɗaɗɗiya, miƙaƙƙiya, sai na ji ina so in ruga a kai. Allah ya yafe mini. Minti nawa zai zama zuwa asibiti, Jonah? Biyar? Huɗu?

Mai tuƙa ta Andrew ne sunansa, mutumin Filato, mai furfura a gemu. Ya sauko ya roƙi ruwa. Ya ce, "Ke ce mai sati uku? An gaya mana. Oga ya ce wanda ya taɓa bishiyar nan kafin ranarta, a bakin aikinsa."

Dashe guda huɗu sun yi baƙi. Sauran suna nan kore. Na leƙa su sau takwas.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan coci

YA TSIRO!

Na uku a layin farko. Ɗan tsiro kamar ƙwayar shinkafa, a cikin leda, da raɓa a kansa. Na biyo ta lambu da kayan coci, na durƙusa a laka, zanina ya lalace, ban damu ba. Na yi ihu har mai gadi ya rugo da sanda yana tambaya ko maciji ne. Na ce masa aure ne ya kama. Ya dube ni kamar na zautu.

Jonah, hannuna ne ya yi. Hannun nan.

Talata, 29 ga Oktoba

Goma sha ɗaya!

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe uku

Goma sha tara. Na fara buɗe musu leda su sha iska.

Kubra ta zo da kwano a rufe, ta ajiye a kan bulo. Shinkafa da wake, da kifi babba a kai. Ta tsaya tana kallon dashen, hannu a baya.

Ta ce, "Kin kashe mini inuwa."

Na ce, "Na sani, Yaya."

"Da kin gaya mini tun farko. Ni da na wanke miki tukwane ranar zaman makoki, sai a lasifika zan ji?"

Ta share ido da gefen mayafi, ta nuna mafi ƙiba a cikinsu. "Wannan nawa ne. Zan kai gidanmu. In ya mutu ki biya ni da wani."

Muka ci tare a kwano ɗaya.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da yamma

Ashirin da uku suka kama, takwas suka ƙi. Ko kai ba ka cika wuce haka ba, kar ka yi musu. Na raba su a raina: ɗaya Kubra, ɗaya coci, ɗaya Madam Catherine in za ta karɓa, biyu Mama mahaifiyarka a Kuje. Ban gaya wa Mama komai ba tukuna, so nake in ajiye mata su a gaba kawai, in ce ga na ƙofar gidanki ya dawo. Ina ta hango fuskarta. Ina shara ina waƙa, maƙwabta suna leƙowa.

Talata, 5 ga Nuwamba, ƙarfe biyu

Ɗangoggo ya zo. Na ja shi ya gani, ina gaba ina surutu. Ganye ya buɗe, kowanne da huɗu ko biyar. Ya tsuguna. Ya tsinki ganye ɗaya ya murza ya shinshina. Ya tsinki wani a layi na biyu. Bai ce madalla ba.

Ya ce, "Maman Felicity, a ina kika yanko rassan?"

Na nuna masa gindin.

Ya tashi ya kai ni wurin bishiyar. Ya nuna sama, can inda hannun mutum ba ya kaiwa, inda jikin ya kumbura ya zagaye kamar tabon ƙuna. Ya ce, "Kin ga nan? Nan marigayi ya yi auren. Daga nan zuwa sama nasa ne. Daga nan zuwa ƙasa tsohon ne, mai zare, wanda ko yara sai sun rasa suke sha. Sabon ganyen nasa ja ne kamar hanta. Naki kuwa kin gani."

Nawa kore ne fatau.

Kowace damina kana sare waɗannan rassan na gindi. Ina gani. Na ɗauka tsabta ce kawai irin taka. Ban taɓa tambaya ba. Bana babu mai sarewa, shi ya sa suka fito.

Ɗangoggo ya ce, "Aurenki ya yi kyau, wallahi. Ɗaurin gwani ne." Na ce ya tafi.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na ba su ruwa duk da haka. Ba laifinsu ba ne.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Na tashi da ƙarfi. Kwana ɗaya ya rage, kwana ɗaya kuma kwana ne. Na je neman tsani, an kwashe kayan sito zuwa wani wuri, mai makulli ba ya nan. Ɗangoggo ya dawo da kansa da gorar tsinkar mangwaro. Muka yi ta fama. Kan rassan masu kyau suna can ƙoli, gorar tana kaiwa da kyar, abin da ta fizgo duk ya daddage. Ya ce zai hau. Ya kai rabi, jajayen tururuwa suka rufe shi, ya sauko yana tuɓe riga yana kiran sunan uwarsa. Kubra ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Ga minista ya naɗe wando!"

Katafila tana taku ashirin daga gare mu. Andrew ya kashe ta ya zo yana goge hannu. Na gaya masa komai, har da wautata.

Ya dubi sama, ya dube ni. Ya ce, "Mama, kan bishiyar kike so? To me ya sa kuke wahala? Gobe zan sauko miki da shi gaba ɗaya."

Na ce, "Ta yaya?"

Ya ce zai haƙe gindin ta gefe uku, ya kwantar da ita a hankali ta wajen ciyawa, ba ta wajen duwatsu ba. Da sassafe, kafin rana ta taɓa ganye. Zai ba ni awa ɗaya kafin masu zarto su zo.

Dashe fa? Na riga na cinye su duka da auren banza. Na zauna na tuna abin da kake yi in aure ya ƙi. Kana yankewa ƙasa da ɗaurin, ka sake tsagawa. Akwai sauran jiki a kowanne, kamar tsawon yatsa. Sau ɗaya kawai zai yiwu, daga nan babu wurin yanka.

Na jiƙa buhu biyu. Na wasa wuƙa har tana aske gashin hannu. Zuciyata tana bugawa kamar ranar da aka kai ni gidanku.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu

Ta faɗi ƙarfe bakwai saura.

Andrew ya cika magana. Ya yi ta lallaɓa ta kamar mai kwantar da mara lafiya. Saiwoyi suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ina jin su a haƙorana. Ta karkata, ta tsaya, ta karkata, sai ta kwanta da wani dogon numfashi. Kubra ta juya baya. Madam Catherine ta zo da kayan ofis, ta tsaya nesa.

Ni kuwa na ruga. Na shiga cikin ganyen har wuya. Jonah, ja ne! Duk ƙolin ja ne kamar hanta, ban taɓa ganinsa kusa haka ba, shekara tara yana saman kaina. Na murza ɗaya, ƙamshin ya bugi hancina, ƙamshin hannunka in ka dawo daga aiki. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar fenti. Ina kuka ina yanka. Tururuwa suna cizo ina yanka.

Sai na ga hannu da agogo yana riƙe mini bakin buhu. Madam Catherine ce, ta tuɓe takalma. Ta ce, "Yi sauri, Mama, masu zarto sun iso ƙofa."

Na samu arba'in da biyu, masu kaurin fensir, masu ido a kumbure. Na duba kowanne sau biyu, duk daga saman tabon suke.

Kafin azahar sun yanyanka ta sun loda a mota. Wurin ya yi fili, haske ya yi yawa. Kubra ta koma da tukunyarta bakin rafi, tana faɗa da kowa.

Na fara yanke korayen bayan azahar. Suna da kyau, Jonah, ganyensu sai sheƙi yake. Na rufe ido a na farko. Na ɗaure shida kafin hannuna ya ƙi.

Asabar, 9 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Takwas yau. A hankali nake yi, don in na kuskure yanka babu na biyu. Biyu sun tsage har ƙasa, na jefar. Ban sani ba ko ɗaya zai kama, damina ta wuce, kuma dashen sun sha wuƙa sau biyu. Sai bayan sati biyu ko uku za a gani.

Goma sha huɗu na ɗaure. Saura goma sha biyar ban taɓa ba. Wuƙa ta dushe, ledar ɗauri ta ƙare, kuma rassan da ke cikin buhu ba za su wuce Litinin ba.